Amsoshin Tambayoyinku: Shin Alkama Ce Ke Hana 'Yata Girma?

Tambaya: Ina da yarinya 'yar shekara shida. Tun bayan yaye ba ta rabu da gudawa da kumburin ciki ba. Bayan-gidanta fari-fari ne, mai maiƙo, mai wari ƙwarai. Tana cin abinci amma ba ya kama jikinta, har ƙanenta ɗan shekara huɗu ya kamo ta a tsawo. An ba ta maganin tsutsa, an yi mata allurar taifod, ta sha jiƙon shawara da na basir, kuma sau biyu ana ce mana jininta ya yi ƙasa. Kwanan nan wani likitan yara ya ce yana zargin wata cuta da alkama ke haddasawa. Ya rubuta mana gwajin jini, amma ya ce kada mu hana ta burodi tukuna. Abin ya ɗaure mini kai: in alkama ce matsalar, don me za ta ci gaba da ci? Surukata kuma ta ce wannan cutar Turawa ce, ba ta kama baƙar fata. Don Allah a warware mini.
*Daga wata uwa a Gusau*

Amsa: Malama, sannu da jinya, Allah ya ba yarinya lafiya. Bari in fara da abin da ya fi damun ki: umarnin likitan nan daidai ne, ki bi shi. Zan kawo miki dalili a gaba, amma sai mun fara sanin abin da ke cikin alkamar da ake zargi, da irin ɓarnar da yake yi wa wasu mutane.

Mene ne gulutin?

Duk macen da ta taɓa kwaɓa fulawa ta san yadda kwaɓin yake danƙo, yana miƙewa in an ja shi. Abin da ke ba shi wannan danƙon wani sinadari ne mai gina jiki da ake kira gulutin. Shi ne ke riƙe iskar yis har burodi ya tashi, kuma saboda shi ne ake murza taliya da fulawa, ba a murza ta da garin gero. Ana samun sa a hatsi uku: alkama, da sha'ir, da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Babu shi a gero, dawa, masara, shinkafa ko acca.

Ga mafi yawan mutane gulutin abinci ne kawai, su ci su narkar, ba abin da zai same su. Waɗanda yake cutarwa kuwa sun kasu gida uku. Yana da muhimmanci a bambanta su, domin gwajinsu daban, haɗarinsu daban, dokar cin abincinsu ma daban.

Na farko: cutar siliyak

Wannan ita ce likitanki yake zargi, kuma ita ce mafi nauyi a cikinsu. Cuta ce ta garkuwar jiki. Hanjin ɗan Adam ba ya narkar da gulutin gaba ɗaya, wasu gutsattsari suna ragewa. A jikin yawancinmu sai su wuce salin-alin. A jikin mai siliyak kuwa, garkuwar jiki takan ɗauki gutsattsarin nan a matsayin abokan gaba, ta far musu, kuma a garin yaƙin sai ta raunata bangon ƙaramin hanji.

Cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Shimfiɗe yake da ƙananan tsirrai birjik, kamar gashin tawul, kuma su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi jini. Siliyak tana cinye su har bangon ya koma fili. Daga nan sai abinci ya riƙa wucewa ba tare da jiki ya amfana ba. Maiƙon da ba a tsotse ba shi ne ke fita a bayan-gida fari mai wari. Sinadarin ƙarfe da ba a tsotse ba shi ne ke jawo ƙarancin jinin da ba ya jin maganin ƙarin jini. Sinadarin ƙarfafa ƙashi da bitamin D su ma suna salwanta. Yaro ya ci ya ƙoshi, amma jikinsa na cikin yunwa: ciki ya yi tulu, duwawu da cinyoyi su zube, tsawo ya tsaya, yawan kuka da fushi su ƙaru.

A manya cutar takan zo a ɓoye. Wani gajiya ce kawai da rashin jini. Wata mace ɓari take ta yi, ko haihuwa ta yi mata wuya. Wani ciwon ƙashi, wani gyambon baki mai tafiya yana dawowa, wani ma taurin bayan-gida maimakon gudawa. Akwai wanda a fata take fito masa: ƙananan ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi mai tsanani a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, duwawu da ƙeya, dama da hagu daidai wa daida. Wani likitan fata na Amurka, Louis Duhring, shi ya fara bayyana wannan nau'in a 1884. Ana kwantar da ƙaiƙayinsa da dafson, maganin da aka sani a jinyar kuturta, amma sai an gwada jini tukuna, domin yana farfasa jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, kuma suna da yawa a Afirka ta Yamma. A wasu 'yan ƙalilan kuma cutar takan taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da daidaiton tafiya, mutum ya riƙa tangaɗi.

Siliyak ba a ɗaukarta daga wani, ba ta shiga ta kwano ko ta numfashi. Gadon yiwuwar kamuwa da ita ake yi, ta wasu ƙwayoyin gado biyu da ake kira HLA-DQ2 da HLA-DQ8. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawa suna ɗauke da ɗaya daga cikinsu, amma kaɗan ne daga ciki cutar ke bayyana musu. A duniya baki ɗaya, kimanin mutum 1 cikin 100 ne ke da ita. A cikin iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwan ciki ɗaya na mai cutar kuwa, adadin yakan kai 1 cikin 10.

Na biyu: borin jinin alkama

Wannan shi ne mai saurin bayyana. Mutum ya ci burodi ko taliya, cikin mintoci ko 'yan sa'o'i jikinsa ya yi rudu-rudu, leɓe da fatar ido su kumbura, amai ya zo, wani lokaci numfashi ya sarƙe. Ya fi yawa a ƙananan yara, kuma da yawansu sukan rabu da shi in sun girma. Ma'aikatan gidan burodi ma sukan gamu da wani nau'insa, ƙurar fulawa ta jawo musu atishawa da asma. Akwai kuma wanda ba ya tashi sai mutum ya ci alkama sannan ya yi gudu ko aikin ƙarfi.

Borin jini ba ya cinye hanji, amma yana iya kisa nan take in ya toshe maƙogwaro ko ya faɗar da bugun jini. Maganin gaggawarsa allurar adirenalin ce a asibiti. Duk wanda numfashinsa ya taɓa sarƙewa bayan cin alkama, shi kam ya daina ci daga ranar, ya je wurin likita. Shawarar a ci gaba da ci har a yi gwaji ba ta shafe shi ba.

Na uku: rashin jituwa da alkama

Akwai mutanen da in sun ci alkama cikinsu ya kumbura, ya yi ta ƙugi, jiki ya mutu, kai ya yi nauyi. A gwada su a tarar ba siliyak, ba borin jini, hanjinsu lafiya lau, amma in sun bar alkama su ji sauƙi. Babu gwajin jinin da ke tabbatar da wannan. Ana gane shi ne bayan an kore biyun farko. Bincike ya nuna cewa a wasunsu ba ma gulutin ne mai laifin ba, wani nau'in sukari ne da ke cikin alkama wanda hanji ba ya narkarwa sosai, irin wanda ke cikin albasa da tafarnuwa. Wannan rukunin ba ya lalata hanji. Mai shi yana iya ragewa gwargwadon abin da cikinsa zai ɗauka, ba dole ne ya ƙaurace wa ko ɓurɓushi ba.

Cutar Turawa ce?

Maganar surukarki ba daga sama ta faɗo ba, domin likitoci ma sun daɗe suna ɗaukar haka. A Turai aka fara nazarin cutar. Wani likitan Girka mai suna Aretaeus ya siffanta ta kusan shekara 2,000 da suka wuce. A 1888 Samuel Gee, likitan yara a Landan, ya rubuta cikakken bayaninta, ya kuma ce ta hanyar abinci ne za a magance ta. Wanda ya kama alkama dumu-dumu shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan. Ya daɗe yana zarginta, sai yunwar da ta afka wa ƙasarsa a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta ƙarfafa masa hujja. Burodi ya ɓace, yaran da ke fama da cutar suka ji sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. Ya gabatar da sakamakon bincikensa a 1950.

Da aka samu gwajin jini mai sauƙi aka shiga gwada sauran al'ummu, sai labari ya sha bamban. An same ta da yawa a arewacin Indiya, inda gurasar alkama ce abincin yau da kullum, da Iran, da Turkiyya, da ƙasashen Larabawa, da Sudan. Adadi mafi girma da aka taɓa samu ma a Afirka ne. A 1999 wasu likitocin Italiya ƙarƙashin Carlo Catassi suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa yara kusan 1,000 'yan Yammacin Sahara da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya. Kashi 5.6 cikin 100 nasu suna da alamar cutar a jini, wato ninki biyar na abin da ake gani a Turai. Mutane ne masu ɗauke da ƙwayoyin gadon nan da yawa, kuma fulawar agaji ta zama ginshiƙin abincinsu.

A kudu da Sahara ba a cika ganin cutar ba. Ƙwayoyin gadon ba su kai yawan na arewacin Afirka ba, abincinmu na asali ba alkama ba ne, gwajin kuma bai wadata ba. Sai dai ki dubi yadda cimarmu ta sauya. An daɗe ana noman alkama a fadamun Kano da Haɗeja da bakin Tafkin Chadi, amma a da abincin biki ce da gidajen masu hali: alkaki da dubulan a gara, funkaso da alkubus ranar sallah. Yau kuwa yaro ya karya da shayi da burodi, ya ci biskit a makaranta, da rana taliya, da dare tuwon semo. Nijeriya na shigo da miliyoyin tan na alkama kowace shekara. Wanda ya gaji yiwuwar cutar amma gero ya raine shi, zai iya ƙare rayuwarsa ba ta tashi ba. Jikansa da fulawa ta raina, ita ce za ta tayar masa. Saboda haka ki gaya wa surukarki cikin ladabi cewa cutar ba ta duba launin fata.

Don me ba za a hana ta burodi yanzu ba?

Gwajin farko na jini ne, sunansa tTG-IgA. Abin da yake nema shi ne makaman da garkuwar jiki ke ƙerawa in tana yaƙi da gulutin. In an daina cin alkama yaƙin yakan lafa, makaman su ragu, hanji ya fara warkewa. A lokacin gwaji zai iya nuna lafiya lau alhali cutar na nan. Sai ya zama dole a mayar da yarinya kan alkama na tsawon makonni, sau da yawa shida ko fiye, kafin a sake gwadawa, kuma wannan komawar ta fi wahala. Shi ya sa likita ya ce a bari tukuna. Ba sai an ƙara mata ba, ta ci gaba da cin yadda ta saba.

Ki tabbata an haɗa da gwajin jimillar IgA, wato nau'in makaman garkuwar da gwajin farko ke nema, domin wasu jikinsu ba ya samar da shi isasshe, kuma hakan na ɓoye sakamakon. In jini ya nuna alama, mataki na gaba shi ne a zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki zuwa farkon ƙaramin hanji, a tsinko ɗan ƙanƙanin nama a duba. Ana yi wa yaro wannan ne yana barci, kuma ba ya daɗewa. Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sashen wannan aiki. A yara, in sakamakon jini ya ninka iyakar lafiya sau 10 ko fiye, kuma gwaji na biyu mai suna EMA ya tabbatar, ƙa'idar likitocin yara ta Turai ta yarda a yanke hukunci ba tare da tsinko naman ba.

Akwai dalili na biyu da ya sa gwaji ya zama wajibi a ƙasarmu. Alamomin da kika lissafa ba na siliyak kaɗai ba ne. Ƙwayar giyadiya da ake sha a gurɓataccen ruwa tana kawo irin wannan bayan-gida mai maiƙo. Tsutsar ciki, tarin fuka na hanji, cuta mai karya garkuwar jiki, sikila da tamowa duk suna tsayar da girman yaro. Yawan kamuwa da cututtukan ciki saboda rashin tsabtataccen ruwa ma yana shafe tsirran hanji har ya yi kama da siliyak. A yankinmu waɗannan sun fi siliyak yawa nesa ba kusa ba. In kika hana ta alkama bisa zato, alhali giyadiya ce ke damun ta, kin ɗora mata takura ta har abada, kin kuma bar cutar da maganin 'yan kwanaki zai kawar.

In gwaji ya tabbatar

Maganin siliyak ɗaya ne: barin gulutin gaba ɗaya, har ƙarshen rayuwa. Babu ƙwaya, babu allura, babu jiƙon da ke warkar da ita, kuma yaro ba ya girma ya rabu da ita. Ragewa ba ta wadatarwa. Ma'aunin da duniya ta amince da shi ga abincin da za a ce ba shi da gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a kowane kilo. Ɓurɓushin burodi kaɗan, in ana samun sa kullum, ya isa ya hana hanji warkewa, ko da yarinya ba ta yi gudawa ba.

Abin da za ta bari: burodi, gurasa, fanke, funkaso, alkubus, alkaki, dubulan, cincin, kek, biskit, samosa, shawarma, taliyar Hausa da ta leda, makaroni, kuskus na alkama, tuwon alkama da tuwon semo. Da yawa ba su san semo alkama ba ce. Haka talbina da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci: abinci ce mai daraja ga sauran marasa lafiya, amma da sha'ir ake yin ta, don haka ba ta dace da mai siliyak ba.

Abin da za ta ci ya fi wannan yawa, kuma a nan Bahaushe ya yi dace. Tuwon shinkafa, na masara, na dawa da na gero. Fura, kunu, koko. Acca, doya, dankali, rogo, garin kwaki. Wake, ƙosai, alala, awara. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Nama, kifi, ƙwai. Miyar kuka, kuɓewa, taushe, zogale. Daddawa da kowane irin 'ya'yan itace. Bature mai wannan cuta kuɗi masu yawa yake kashewa a kan burodi na musamman. Ke kuwa ba ki buƙatar kayan kanti masu tsada, kasuwar garinku ta ishe ki.

Inda ake tuntuɓe shi ne inda alkama ke ɓuya. Masu waina da sinasir da yawa suna zuba fulawa a ƙullu, haka masu ɗanwake, don haka na gida ya fi aminci. Injin niƙan unguwa yakan niƙa alkama, ya juya ya niƙa masara. Ki nemi injin da ba a kai masa alkama, ko ki sa a fara wanke shi da wani hatsin da sauran gida za su ci. Mai tuyar da ke soya fanke da ƙosai a mai ɗaya, ƙosanta ya gurɓata. A gida ki ware wa yarinya rariya da muciya da mazubin gari. Ki riƙa karanta bayan kwali ko leda: wasu dunƙulen ɗanɗanon miya, da lemon malt, da garin shayi, da abincin yara na gwangwani suna ɗauke da alkama ko sha'ir. Ki sanar da malamanta na boko da na Islamiyya, da kakanni da maƙwabta, domin yawancin kuskure daga hannun masoyi yake zuwa, wanda ya ga yarinya ta zuba wa biskit ido ya ji tausayi.

Sakamakon yana da daɗin gani. Cikin makonni kaɗan gudawa takan tsaya, cin abinci ya buɗe, fara'a ta dawo. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu yawancin yara sukan cimma tsaransu a nauyi da tsawo. Hanjin manya ya fi jinkirin warkewa. Da farko madara na iya ɓata mata ciki, domin raunin hanji na rage ƙarfin narkar da ita. Wannan na ɗan lokaci ne, kuma kindirmo ya fi sauƙin karɓuwa. Likita zai ba ta maganin ƙarin jini da bitamin in da buƙata, zai riƙa auna tsawonta da nauyinta, ya kuma maimaita gwajin jini don ganin ko dokar abinci na tafiya daidai. Ke da mahaifinta da 'yan'uwanta ya kamata a gwada ku, ko ba ku jin komai. Yara masu ciwon sukari na ƙuruciya su ma ana son a riƙa gwada su, domin cututtukan biyu sukan haɗu.

In aka bar cutar ba kulawa, ƙarshenta gajarta ce, da jinkirin balaga, da raunin ƙashi, da matsalar haihuwa, kuma a wasu manya ƙalilan har da sankarar hanji. Duk wannan ana kauce masa da abin da ke cikin tukunya.

Ga sauran masu karatu da ke jin ana yayata cewa kowa ya bar alkama: wanda ba ya cikin rukunai ukun nan, babu hujjar likitanci da ta ce gulutin na cutar da shi. Wanda kuma yake zargin kansa, ya je a gwada shi kafin ya daina ci.

Malama, kada ki bari takardar gwajin nan ta kwana a jaka. Ki kai yarinya a ɗebi jinin cikin wannan mako tana kan cin abincinta yadda ta saba, ki roƙi a duba bayan-gidanta, sannan ki mayar wa likitan da sakamakon da kanki. Shekarun da yaro ke yin tsawo ƙidayayyu ne, kowane wata na da daraja. Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ya raya miki ita da 'yan'uwanta.